Yadda Na Je Wata Tsagagge Neman Auren Barira

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya rataya taurari ba igiya, ya ba tsofaffi dabara, ya ba samari wauta domin a sami abin dariya a duniya. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Shekarau ɗan Magaji, mutumin Haɗeja, malamin lissafi, wanda ya ƙetare tekun zaiba, ya sha hira a cikin kifin tagulla, ya ci duka a kan wata, duk a kan neman aure.

Abin ya faru a zamanin da wasan nan da ake kira Bayan Rana ya cika gari. Wasan kwamfuta ne. Mutum zai kifa wani kwalkwali mai gilashi a kansa, ya zura safar hannu, sai ɗakinsa ya ɓace, ya tsinci kansa a wasu duniyoyi can nesa, tare da dubban mutane daga ko'ina, kowa da sulkensa da makaminsa. Ni ban taɓa kula shi ba. Wasana dara ce, a gindin durumin ƙofar gidanmu, inda mutum zai tsura wa rami ido har shayinsa ya huce, ba mai ce masa ya yi sauri.

Ina neman wata yarinya, Barira, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a asibiti. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, kakarta Iya Tabawa ce ta raine ta, su biyu rak a gida. Da magana ta yi ƙarfi, na tura baffannina. Iya ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama musu fura, ta saurare su har suka gama. Sannan ta ce, "Ban ƙi ba, ban kuma amsa ba. Yaron ya zo ya same ni a Wata Tsagagge, mu gana."

Babban baffana ya dawo yana tambayar mutane ko a wace tasha ake hawa motar Wata Tsagagge, don shi dai a saninsa ba irin wannan ƙauye tsakanin Haɗeja da Gumel.

Barira ce ta warware mini. Ta ce, "Malam, kawuna na Legas ne ya aiko mini da kwalkwalin. Wata rana Iya ta ce in ba ta ta leƙa. Tun daga ranar ban sake ganinsa a hannuna ba. Yanzu ita ke riƙe da ƙololuwar Wata Tsagagge, ƙarshen wasan gaba ɗaya. 'Yan wasan Jan Sulke suke kiranta. Ba wanda ya san tsohuwa ce."

Na ce, "To ki roƙe ta mana."

Ta ce, "Na roƙa. Ta ma sa na yi alkawari ba zan taimake ka ba. Ni kuwa ka sani, ba zan taka ƙofar gidan kowa ba sai Iya ta sa albarka. Waɗanda suka riga ka zuwa, a hanya suka gaji."

Baffannina kuma suka ce ruwan farko na sauka za su koma gona, ba mai sake sa babbar riga saboda ni sai kaka. Don haka da aka ba da hutun makaranta, na ari kwalkwali wurin wani abokin aikina, na yi bisimilla, na kifa.

Na buɗe ido a Tashar Baƙi, wani birni da aka ƙera kamar awarwaro, yana juyawa a kewayen wata shuɗiyar duniya. Taurari a ƙarƙashin ƙafata, gidaje a bisa kaina. Wata murya mai daɗi ta tambaye ni sana'ar da nake so: mayaƙi mai takobin haske, ko maharbi, ko mai magani, ko maƙeri. Na tsaya ina auna kowace, har muryar ta gaji ta zaɓa mini maƙeri da kanta. Aka ba ni guduma, da garkuwa da ba ta wuce faifai ba, da jaka cike da turakun ƙarfe waɗanda ake kafawa a ƙasa su yi ta harbin abokin gaba. A gefen idona aka ja wani jan layi, aka ce shi ne jinina. In ya ƙare na mutu, sai a tashe ni a tashar da na baro.

Ina fita bayan gari na yi kiciɓis da wani bunsurun ƙarfe, idanunsa kamar fitilun babur. Na yi masa sallama, ya tunkuye ni. Na ce, "To madalla, ka yi naka, saura nawa." Na ɗaga guduma ina nazarin inda ya fi dacewa in buga. Ya sake tunkuyata. Na ce, "Haba bawan Allah, ai ba kai ne da yi ba!" Ya ƙara mini. Kafin in gama kai ƙara, jan layin ya ƙare.

Da aka tashe ni a tasha, sai na ji wani yana dariya har da tari. Wani gajere ne mai koren sulke, tumbinsa ya fi ƙarfin sulken. Ya ce, "Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya yi wa bunsuru sallama ba. Daga ina?"

Na ce, "Haɗeja."

Ya daki cinya. "Shi ke nan, na tsinci bawana a bayan rana! Sunana Mati, Bakatsine, ubangidanka. Direban tanka ne ni, in ana jiran lodi nake shigowa. Saurara, Malam: nan ba a yin kai ka yi, ni in yi. Kana tunani ana dukanka, kana gudu ana dukanka, ko atishawa ka tsaya yi sai ka biya da jini."

Na ce masa Bahaɗeje bai taɓa zama bawan mai tumbi ba, sannan na ba shi labarina. Da na zo kan cewa Jan Sulke tsohuwa ce mai cin goro, ya daina dariya.

"Ƙarya kake. Wanda ya harbo ni daga kan wata da ƙafa ɗaya? Na yi ta faɗowa har na sami damar yin waya da maigidana kafin in iso ƙasa!"

"Ita ce."

Ya sosa kwalkwali. Ya ce, "Zan kai ka. Ba don Allah ba, don in ga yadda za ta yi da kai."

Mati ya koya mini gocewa da tarewa da mirginawa, galibi ta hanyar tura ni gaba shi ya tsaya a baya yana ba da umarni. Muka farauci bunsurai, muka kori wasu ƙudan wuta daga rumbun wani manomi mai ido uku, ya saka mana da sulke mai ɗan dama. A hankali matakina ya ɗaga, guduma ta yi nauyi, garkuwa ta kai girman tire. Sannan ya kai ni wurin kumbonsa.

Jama'a, na ga kumbuna a tashar nan masu sheƙi kamar sabon kwano. Na Mati ba ya cikinsu. Fiffikensa ɗaya ɗaure yake da waya, ƙofarsa sai an doka da kafaɗa, a goshinsa an rubuta "Allah Ya Kiyaye" da jan fenti. Da ya tayar da injin, hayaƙin da ya tashi sai da ya sa masu gadin tasha suka yi zaton gobara ce.

A haka muka kama hanya. Muka wuce wata duniya da ake ruwan gilashi, muka wuce wata da duwatsunta ke kiwo kamar shanu, har muka iso duniyar zaiba, wadda dole a bi ta samanta kafin a kai ƙofar wata. Teku ce ta zaiba, fara fat kamar narkakkiyar azurfa, mai nauyi, ba tudu ba gaɓa, rana guda biyu a sama suna kallon fuskarsu a cikinta. Ina cikin yaba kyanta sai tekun ta tsage, wani kifin tagulla ya taso, bakinsa ya fi kasuwar Haɗeja faɗi. Mati ya ce, "Innalillahi," ya murɗa sitiyari, sitiyarin ya fita a hannunsa. Kifin ya haɗiye mu.

Na ɗauka za mu tarar da duhu da kuka. Sai muka tarar da majalisa. Mutane ne birjik, waɗanda kifin ya haɗiye kafin mu, sun jera kumbunansu gefe, sun kafa rumfuna, wani har ya buɗe teburin shayi. Wani dogo mai gemun azurfa, wanda suka naɗa mai unguwa, ya yi mana maraba. Ya bayyana mana cewa hanyar fita ɗaya ce: mutum ya faɗa rijiyar tsamin da ke can ƙuryar cikin, ya mutu, a tashe shi a Tashar Baƙi ba sulke ba makami, ya fara daga farko. Su kuwa sun sha wuya kafin su tara kayansu, shi ya sa suka zaɓi zama.

Na ce, "Ba ku gwada yaƙarsa ta ciki ba?"

Ya ce, "Mun sare shi, mun harbe shi. Ko susa bai ji ba. Zauna, Malam, hirar nan ta fi ta waje daɗi."

Gaskiya hirar da daɗi, don har na fara zana ramukan dara a ƙasa. Amma da na cire kwalkwali don yin sallar la'asar, na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai na tuna baffannina da gonarsu. Na koma da sauri na tarar Mati yana gyaran sitiyari. Ya tayar da injin don gwaji, hayaƙi ya turnuƙe, mai shayi ya fara zagi. Nan na lura bangon cikin kifin ya ɗan motsa, kamar maƙogwaron mai jin ƙaiƙayi.

Na ce, "Mati, taka shi."

"Me zan taka?"

"Totur! Taka har ƙasa, kada ka ɗaga!"

Ya taka. Hayaƙi baƙi ƙirin ya cika cikin kifin, mai kauri har ana iya yankarsa da wuƙa. Mai unguwa yana ihu a kashe, jama'a suna ta rugawa cikin kumbunansu. Ƙasa ta girgiza, rumfuna suka zube. Kifin ya yi tari sau ɗaya, ya yi na biyu, sannan ya yi wani irin kakari da ya watso mu gaba ɗaya sararin sama, kumbuna da kujeru da butar shayi. Muna tafe muna juyawa Mati yana leƙe ta taga yana faɗa wa duk wanda muka gifta, "A gaida injin Katsina!"

Daga nan muka sauka a gindin ƙofar wata. Fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙin dutse, an huda shi ramuka-ramuka a jere, a ƙarshensa wata ƙofa ta haske tsaye ba bango. Mai tsaronta wani mutum-mutumi ne da ake kira Sarkin Ƙofa, tsawonsa kamar hasumiya, hannuwansa sun fi na gizo-gizo yawa, kowanne da makami. Mati ya raɗa mini cewa mugun halinsa shi ne haddar duka. Duk bugun da ka yi masa sau ɗaya, ya gane shi, ba zai sake cinsa ba, shi ya sa dabarar da Mati ya taɓa wucewa da ita ba ta da sauran amfani.

Muka gwada, ya markaɗe mu. Muka dawo, ya sake markaɗe mu. A wani zuwan ne, ina gudun ceton rai, na cusa turke a rami don kawai in rage nauyin jaka, na cusa wani a na kusa da shi, na yi tuntuɓe na uku ya faɗa rami na gaba. Sai ga tsawa ta tashi daga turakun nan uku, ta haɗe, ta daki Sarkin Ƙofa a gwiwa, hannunsa ɗaya ya faɗi ƙasa tim.

Na tsaya baki buɗe. Uku a jere. Ashe filin nan gaba ɗaya gidan dara ne.

"Mati, na gane shi! Ba ni ɗan lokaci in tsara!"

Mati, wanda ke zagaye filin da gudu makamai na bin ɗuwawunsa, ya ce, "Lokacin gidanku! Tsara kana gudu!"

Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba. Ni da nake shafe rabin yini kafin in ɗaga ɗan dara ɗaya, yau ga ni ina lissafi ina mirginawa, ina duban rami da ido ɗaya, ina duban gatari da ɗayan. Sarkin Ƙofa ba wawa ba ne. Da ya ga na jera biyu, sai ya take rami na uku da ƙafarsa. Layin da na taɓa ci da shi kuwa ba ya sake tasiri. Sai na koma yi masa irin abin da nake wa tsofaffin gindin durumi: in nuna masa gabas, ya kai ƙafa can, ashe na bar wani layi buɗe a yamma. Tsawa ta ci hannu, ta ci wani. Jinina ya rage saura ɗan siriri kamar zare. Mati ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi, yana ta yi wa Haɗeja da mutanenta addu'ar da ba zan maimaita ba. Can na kafa turke ɗaya da ya rufe layi biyu lokaci guda. Filin ya yi fari, Sarkin Ƙofa ya durƙusa, ya kife.

Ƙofar hasken ta buɗe, amma mutum ɗaya take ɗauka, wanda ya yi bugun ƙarshe. Mati ya zauna a kan guntun hannun Sarkin Ƙofa yana haki. Ya ce, "Tafi, bawana. An ma kira ni lodi. In ta harbo ka, ka faɗo ta wajen hagu, ya fi taushi." Na riƙe hannunsa gam. Ya fizge. "Kai, kada ka yi mini kuka a sulke, tsatsa yake yi."

Wata Tsagagge kamar ƙwarya yake da aka fasa biyu, ɓarin nan da ɓarin can suna rataye, wuta shuɗiya tana gudana a tsakaninsu. Na hau matakala har ƙololuwa. A can, gaban wata ganuwa ta jan ƙarfe, na same ta tsaye: Jan Sulke, doguwa kamar giginya, mashi a hannu mai baki biyu, kowane baki yana ci da wuta.

Na ajiye guduma, na durƙusa har ƙasa. "Iya, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

Muryar da ta fito daga cikin wannan dodon sulke ita ce dai muryar da na sani, 'yar siririya, da alamar goro a baki. "Lafiya lau, mijin nawa. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ki."

"Ina amsawa." Ta sa ƙafa ta harbo ni daga kan wata.

Mati ya yi gaskiya, wajen hagu ya fi taushi.

Aka tashe ni a gindin matakala, na sake hawa. Wannan karon na yi gaisuwar ina tare mashi da garkuwa. Ban taɓa ganin sauri irin nata ba. Kafin in kafa turke ta tumɓuke shi ta jefe ni da shi. Tana dukana tana hira. "Wai kai ne za ka yi mini kishi da jikata? Dubi ƙafafu kamar na zalɓe. Goce mana! Ai na nuna maka ta inda zan zo." Ta harbo ni. Na hau. Ta harbo ni. Na yini ina hawa, na wayi gari na dawo ina hawa. Har na fara riƙe ta na ɗan lokaci, har wata rana gudumata ta taɓa kafaɗarta ta ce, "A'a, ashe da rai."

A ranar ne, muna tsakiyar artabu, na ji ƙarar yayyafi a kan kwanon ɗakina na gaske, ta bayan kwalkwali. Raina ya ɓaci, don na san baffannina na dab da komawa gona. Na daina tarewa, na afka mata da ƙarfin tsiya. Ta goce, ta juya gindin mashi ta nausa mini a ƙirji. Maimakon in faɗa ƙasa, sai na yi sama, na ƙetare ganuwar jan ƙarfen, na faɗo ta ciki.

Na tashi ina dafe ƙugu, na duba, na kasa motsi. A wasan nan duk wanda ya riƙe ƙololuwa yana da ikon gina abin da ya so a bayan ganuwa. Na zaci fada zan gani ta zinariya. Sai na ga tsakar gidan Iya Tabawa na Haɗeja, ba abin da ya ragu: bishiyar lemun tsami, randa a gindinta da moɗa a kai, igiyar shanya, murhu, har tsagar da ke jikin katangar yamma. Abu ɗaya ne ya bambanta. Ƙofar ɗakin Barira a rufe take da kwaɗo. A tsakar gidan kuma kujera 'yar tsugunno guda ɗaya, da kwano ɗaya, da cokali ɗaya.

Ta diro bayana. Muryarta ta sauya. "Wa ya ce ka shigo mini gida?"

"Ke kika jefo ni, Iya."

Ta ɗaga mashi, sannan ta sauke. Sai wannan ƙaton sulke ya lanƙwashe ya zauna a kan 'yar kujerar, gwiwoyinsa har kunne.

Ta ce, "Tun ranar da ta fara ambaton sunanka na gina shi. Nakan shigo in zauna in gwada yadda zai kasance. In ce, to Tabawa, ga shi an kai ta, ci abincinki. Sai in kasa. Sai in fita waje in sami wani ɗan mutane in harba." Ta juya kwanon da yatsa. "Tun tana rarrafe muke cin kwano ɗaya. Na san ba a riƙe 'ya mace. Na sani sarai. Na ce dai bari in sa hanyar ta yi nisa."

Yayyafin yana ta ƙaruwa a kan kwanon ɗakina. Na dubi tsohuwar, na dubi katangar yamma. A bayan wannan katanga, a Haɗeja ta gaske, akwai wani gida ƙarami da ya daɗe ba kowa, mai shi ya koma Kano yana neman wanda zai zauna ya kula masa da shi. Kullum ta gabansa nake wucewa in na zo zance.

Na ɗauki guduma na nufi katangar, na kai mata duka.

"Kai! Me kake yi? Rushe mini gida za ka yi?"

"Ƙofa nake fasawa."

Na yi ta bugu har rami ya buɗe, na daidaita gefensa iyakar iyawata. Na tattara ɓaraguzan, da yake sana'ar maƙeri ta ba ni iko, na ƙera kujeru biyu na ajiye kusa da tata. Sannan na durƙusa na ce, "Iya, gidan bayan nan zan nema. Ba zan kai ta ko'ina ba, katanga ɗaya ce tsakani, ita ma ga abin da zan yi mata in mai gidan ya yarda. Kwanon kuma a ƙaro babba, don ni ina da ci."

Ta daɗe tana kallon ƙofar. Ta tashi, ta je ta leƙa ta cikinta, ta shafa gefen da hannun ƙarfe. Na ji tana jan hanci a cikin kwalkwali.

Ta ce, "A karkace take."

"Zan gyara."

"Abokanka za su ce ka tare a gidan surukai."

"Sun daɗe suna cewa abin da ya fi wannan."

Ta yi wata 'yar dariya. "Ka ce wa baffanninka su zo jibi, kafin ƙasa ta jiƙu sosai. Su zo da farin goro, ja yana sa ni ƙwarnafi." Na fara godiya, ina jero addu'a. Ta ɗaga hannu. "Tsaya. Albarka daban, wasa daban. Har yanzu ba ka ci ni ba." Ta kama ni ta ƙeya, ta fitar da ni ta sabuwar ƙofar, ta wurga ni daga kan wata.

Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba.

An ɗaura aure bayan sallah. Mati ya zo da tankarsa har ƙofar gida, ashe a zahiri siriri ne kamar sanda. Ya durƙusa ya gaida Iya daga nesa, ya ƙi matsawa kusa da ƙafarta ko da aka ce ya matso. Mai gidan bayan ya yarda, na fasa katangar da hannuna, ƙofar kuma ta fito a karkace, har magini ya ce a bar shi ya gyara. Iya ta hana.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a bayan rana, ban ƙara gishiri ba sai ɗan abin da miya ke buƙata. Wanda bai gaskata ba, ya zo gidana da azahar. Zai ga wata 'yar tsohuwa ta sunkuyo ta karkatacciyar ƙofa, cokalinta a hannu, tana tambaya tun daga nesa ko yau ma Barira ta cika yaji.